Gurup ko panno? Ga amsata, ƙanena mai firigo

Ƙanena, ka tambaye ni wanne za ka saya don firigonka, gurup (injin ba da wuta) ko panno (farantin wutar rana). Ɗauki panno. Da shi da gurup duk sun zauna a shagona na ɗinki nan Tahoua, ba labarin ji nake ba ka ba.

Gurup na saya cikin watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran bayan juyin mulki. Ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma kullum hannuna na cikin aljihu: yau esansi, gobe baƙin mai, jibi buji. Yana nan bayan ƙofa, ƙura ta rufe shi.

Panno huɗu na aza bisa kwano kafin azumin da ya biyo baya. Ka san zafin Ader a watan Afrilu, ga ɗinkin Salla jibge har kan benci. Da hantsi keke biyu da fanka suna juyawa, ba ƙara, ba warin hayaƙi, har tafsiri nake saurare a rediyo. Wata tsohuwa maƙwabciyata, wadda a da take toshe tagarta da zane saboda hayaƙin gurup ɗina, ita ce ta koma kawo wayarta caji, ta zauna bakin ƙofa tana sa mini albarka. Abin da pannon ke nema gare ni kawai, in hau bayan asuba in goge masa ƙura da jiƙaƙƙen tsumma. Ranar da na yi sakaci lokacin hunturu, nan take nake ganin wuta ta ragu.

Ka ce an faɗa maka shi ma panno ƙazanta ne tun daga masana'anta. Akwai gaskiya a ciki. Daga wani irin dutse ake narko sinadarin da ake ƙera shi, da wuta mai tsanani, galibi a China inda kwal ke ba da yawancin lantarki, sannan a yi masa doguwar tafiya ta teku da ta mota. To amma a rana irin tamu, cikin shekara ɗaya zuwa biyu yake biyan bashin wutar da aka kashe wajen yin sa, kuma mai kyau yana kai shekara 25 yana aiki. Shi gurup bashinsa ba ya ƙarewa. Duk litar esansi da ya sha yana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya, ban da haƙo ɗanyen man a Agadem, turo shi ta bututu zuwa matatar SORAZ a Damagaram, da manyan motocin da ke kawo shi nan suna ƙona gazuwal. Ƙonannen man gurup kuwa a kwata yake ƙarewa. Kuma don Allah, duk mai gurup kada ya kunna shi cikin ɗaki ko zaure a rufe, iskarsa na kashe mutum cikin barci. Ai ko gwamnati rana ta duba da ta kafa tashar wutar rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018.

Inda panno ke da rauni shi ne batir, kuma nan ne abin ke ci mini rai. Na farkon da na saya mai ruwa ne, zafi ya gama da shi tun bai yi shekara biyu ba. Na ba masu sayen tsofaffin ƙarafa, yaron ya tuntsurar da ruwan acid ɗin a ƙasa gabana, daidai inda yara ke wasa. Cikin batirin dalma ce, gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar yaro. A wata unguwa kusa da Dakar yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa irin waɗannan batura. Ka daure ka sayi na lithium ko da ƙarami ne, ya fi tsada amma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Ka bar firigo ya yi ƙanƙararsa da rana, da dare ka rage buɗe shi, batir ya huta.

Sai ka yi hattara da wasu 'yan kasuwa. Ana manna wa ƙaramin panno takardar babba, ana wanke tsohon batir a mayar cikin sabon kwali. Kada ka biya sai mai haɗa wutar da ka yarda da shi ya gwada panno da mita cikin rana tsaka. Ka karɓi rasit mai hatimin shago, da wa'adin garanti a rubuce, ka kuma tambaye su ko suna karɓar batir in ya mutu. In sun ce a'a, wuce shago na gaba.