Masu tallar allurar goge jijiyar ƙafa har gida, don Allah a kula

Jama'a akwai wani talla da ke ta yawo a Facebook da TikTok da guruf-guruf na WhatsApp, wai suna goge jijiyoyin ƙafa, irin waɗannan da ke kumbura su murɗe su fito raɗau a sharaɓa da bayan gwiwa, wai allura ɗaya tak, za su zo har gida su yi maka, babu illa ko kaɗan kuma ba ta dawowa har abada. Sai a liƙa hoton ƙafafu biyu, wai kafin aiki da bayan aiki, in ka duba da kyau ma launin fatar ba ɗaya ba ne, sannan a ce ka tura rabin kuɗi yau don ragin na wannan satin ne kawai. Wasu kana turawa shikenan, sun yi bulokin ɗinka. Waɗannan ma da sauƙi wallahi, kuɗi ne kawai ya tafi. Wanda ke ba ni tsoro shi ne wanda zai zo ɗin da jakarsa.

Aikin fa akwai shi na gaskiya, likitocin jijiyar jini na yi ba tare da yanka ba, wani a zura siririyar waya a ƙone jijiyar daga ciki da zafin lesa, wani a tura magani irin su polidocanol, ruwa ko kumfa, ya cinye bangon jijiyar ta toshe, wani kuma a liƙe ta da gam na musamman. Amma duk ba a fara su sai an yi sikanin ƙafar tukuna, don a ga inda jinin ke komawa baya kuma a tabbatar manyan jijiyoyin can ciki a buɗe suke. In na cikin sun toshe, to waɗannan na wajen da kake jin haushin ganinsu su ne hanyar da jini ke bi ya koma zuciya, ka rufe su ka jawo wa ƙafar bala'i. Shi mai jakar nan da me zai gano wannan? Da ido?

Kuma maganar wai babu illa ƙarya ce tsagwaronta, ko a hannun ƙwararre akwai taruwar jini, ciwo, jijiyar ta yi tauri ta yi ja, baƙin tabo da kan ɗau watanni bai washe ba, na zafin kan ƙona fata ko ya sa wani wuri a ƙafar ya daina jin taɓi. Kumfar kan sa wasu ciwon kai da gani dishi-dishi na ɗan lokaci. Babbar matsalar ita ce jini ya daskare a jijiyar ciki, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, wannan kisa yake yi. Sai kuma allurar ta kuskure ta faɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, musamman wajen idon sawu, naman wurin ya mutu ya ruɓe, abin kan kai ga yanke ƙafa. Ba kasafai hakan ke faruwa a asibiti ba, don can ana kallon bakin allurar a na'ura kuma in jikin mutum ya ƙi maganin akwai kayan ceto a kusa. Mai ciki ma ba a yi mata sam, amma masu zuwa gidan nan ko tambaya ba sa yi. Jijiyar kuma takan dawo bayan shekaru ko da likita ne ya yi.

Ku nemi ganin lasisin mai jakar nan, ku ce ya nuna kwalbar maganin da sunanta da ranar lalacewarta, ba wani ruwa da aka riga aka zuƙo a sirinji ba, za ku ga ya fara kame-kame yana cewa ai sirrin kamfani ne.

Wanda kuma aka riga aka yi wa, in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko yatsu sun yi sanyi sun canza launi, ko numfashi na sama-sama da ciwon ƙirji, kar a tsaya kiran lambarsu, za su ce ai maganin ne ke aiki. A wuce asibiti nan take, a faɗa wa likita abin da aka yi da ranar da aka yi shi.