'Yar na'urar saurare mai karɓar karatu ta wifi: wata uku a hannuna

Ƙurar hunturu ce ta cinye ramin cajin tsohuwar na'urata, sai na dafe igiya da yatsa kafin kwamfuta ta gan ta. Shi ya sa da mai shago ya ce wannan sabuwar ba ruwanta da igiya, ban tsaya dogon ciniki ba. Kun san irinsu, waɗanda ake kawowa daga Kano, kuɗinsu ma ba sai na faɗa ba.

Ranar farko ta ƙi ganin wifin gidanmu sam. Ɗan ƙanwata ne ya duba ya ce, "Kawu, akwatin wifinka a kan zangon 5 GHz yake, ita kuwa 2.4 kaɗai take ji." Ya gyara, nan take ta kama. Sai ta nuna wasu lambobi masu farawa da 192.168, ka rubuta su a kwamfuta, shafi ya buɗe, ka jawo abin da kake so ka saka. Yaron ya ce dabarar ba sabuwa ba ce, Zune, na'urar saurare ta kamfanin Microsoft, ta fara yin haka a 2007, iPod ta kamfanin Apple kuma ta samu a 2011. Ni dai ranar na fara gani.

Abin da ya burge ni ƙwarai shi ne ba ta cin mega ko ɗaya. Megata ta ƙare tun kwana biyu kafin nan, amma karatu ya wuce lafiya, don tsakanin kwamfuta da na'ura yake bi ta akwatin, ba ya fita waje. Ina zaune a tsakar gida kan tabarma, kwamfuta na ɗaki, sunayen karatu na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi har maƙwabcina na kira ya zo ya gani. Mako biyu ina yabonta duk inda na zauna.

To, sai tafiyar Yamai ta taso. Mai zuwa Yamai daga Damagaram ya san wuni guda ne cur a kujera, kusan kilomita 900. Na shirya tafsiri 30, kowane kusan awa ɗaya, giga biyu ba kaɗan. Bayan isha'i na sa su a hanya, na shiga haɗa kaya. Can aka ɗauke wuta, akwatin wifi ya mutu. Da wuta ta dawo na duba na'urar, ga sunaye 30 reras. Na ce alhamdu lillahi, na kwanta.

Mun wuce Takeita ina sauraro, hankalina kwance. Kafin Tasawa na taɓa na huɗu don in ji sautinsa, shiru. Na biyar, shiru. Na bi su har na talatin, suna ne kawai, ciki babu komai. Na ukun ma a tsakiyar aya ya yanke. Daga Maraɗi har Doso ba abin da ke kunnena sai ƙarar mota. Ba ɗauke wutar ce ta ɓata mini rai ba, wannan mun saba. Me zai hana na'ura ta ce aiki bai kammala ba? Ko jan rubutu ɗaya da ya ishe ni, da na tashi na sake turawa kafin asuba.

Tun daga nan sauran laifuffukanta suka riƙa dawo mini. Duk lokacin da akwati ya mutu ya tashi, lambobin nan kan sauya, sai ka sake kwafa. Fuskarta na yin duhu wifi ya katse, dole ka zauna kana taɓa ta kamar mai lallashin jariri. Gidanmu na unguwar Birni ginin ƙasa ne mai kauri, daga zaure ba ta kamawa. In kuwa ka mance wifi a kunne, batirin da ke kai ni kwana biyu ba ya kai la'asar.

Na koma wurin mai shagon, ya ce, "Alhaji, ai laifin wuta ne." Ban tanka masa ba. Karatu ɗaya ko biyu har yanzu ta wifi nake turawa, kuma tana yi. Amma jibi zan tafi Agadas, na riga na cire katin memorin na'urar na soka a kwamfuta, na buɗe kowane karatu na ji ƙarshensa da kunnena.