Na'urar hangen taurari mai baki 70mm: wata huɗu ina amfani da ita, ga abin da na gani

Bari in fara da faɗin gaskiya, wani hoto ne ya ja ni na yi odar na'urar nan. Hoton tauraron HL Tau da na'urorin hangen sama na ALMA da ke ƙasar Chile suka ɗauka a 2014, tauraro jariri da ake ƙiyasin bai kai shekara miliyan 1 ba, ga faifan ƙura kewaye da shi da wasu layuka baƙaƙe zagaye-zagaye, waɗanda masana da yawa ke ganin sawun duniyoyi ne da ke kan haɗuwa suna share ƙurar hanyarsu. Na ce kai nima sai na gani da idona. To wanda ke da irin wannan buri ya ajiye shi tun yanzu, ALMA eriya 66 ce, tauraron kuma nisansa tafiyar haske ce ta wajen shekara 450, tawa ko a mafarki ba za ta nuna shi ba.

Abin da ke cikin kwalin: bututun, ƙafafu uku, gilasan da ake kafa ido a leƙa guda biyu (20mm da 10mm) da wani gilashin roba wai mai ninka girma sau 3. Wannan na ƙarshen ku jefa shi durowa kawai. Bakin 70mm iyakarsa ninki 140 ne, da ka wuce nan sai dishi-dishi. Ƙafafun kuma wallahi su ne ciwon kai, ko numfashi ka yi da ƙarfi sai Mushtari (duniyar Jupiter) ya hau rawa a cikin gilashin, sai da na rataya jaka mai nauyi a tsakiyarsu na ɗaure notin sosai sannan na samu sa'ida.

Amma gilashin kansa ba laifi, kuma a nan ne na huce. Haihuwar duniya ba za ka gani ba, sai dai za ka ga inda ake haihuwar da kuma tabon da ta bari. Ƙarƙashin taurari ukun nan da ke jere a rukunin taurarin da ake kira Orion akwai wani ɗan hazo, da gilashin 20mm ya fito min kamar hayaƙi mai toka-toka da ƙananan taurari a cikinsa, ba kalar da kuke gani a intanet, amma gajimaren gas da ƙura ne na gaske inda Hubble, na'urar hange da ke shawagi a sararin samaniya, ta hango faya-fayai kewaye da sababbin taurari tun shekarun 1990. Namu tsarin na Rana da duniyoyinta ma haka ya faro shekara biliyan 4.6 da suka wuce, gajimare ya rufta kansa saboda nauyi, yana juyawa yana bajewa har ya zama faifai, Rana ta kwashe sama da kashi 99 cikin 100, ɗan ragowar ne ƙura ta manne da ƙura ta zama tsakuwa, tsakuwa ta zama duwatsu, duwatsu suka yi ta karo da juna har aka samu wannan da muke takawa.

Mushtari ne ya fi tsayar da ni. Ɗan kwano fari da ɗamara biyu a jikinsa, ga manyan watanninsa huɗu a jere kamar an ja musu layi, su ne dai masanin taurari Galileo ya gani a 1610. Na zana su a takarda daren Talata, Laraba da na dawo sun canza wuri, ɗaya ma ya ɓace. Jerin nan ba banza ba, shi ma Mushtarin ya yi nasa ƙaramin faifan ne suka fito daga ciki. Girman nasa kuwa (nauyin duniyarmu sau 318) dalilinsa ya haɗu ne can nesa inda sanyi ke daskarar da ruwa, ya samu ƙanƙara kan duwatsu ya yi ƙiba da wuri, ya zuƙe gas kafin gas ɗin ya watse cikin 'yan miliyoyin shekaru. Mu na kusa da Rana zafi bai bar mana komai ba sai dutse da ƙarfe.

Zuhal (duniyar Saturn) ƙarami ne sosai a ciki amma zoben ya fito tsaf. Wata kuwa kada ku kalle shi ran sha huɗu, haske ne kawai zai cika muku ido, ku jira ran bakwai ko takwas ku bi layin da ya raba haske da duhu, ramukan nan rututu duk ragowar duwatsun ginin duniyoyi ne suka yi ta faɗa masa.

Zan ba ta 3 da rabi cikin 5, ƙafafun ne suka cinye sauran. Wanda zai saya ya fara duba ƙarfin ƙafa da faɗin baki, ya rabu da lambar ninkin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali.