Sujadar Salah da Rawar Vinícius

Idan Mohamed Salah, ɗan ƙwallon Masar, ya jefa ƙwallo a raga, sau da yawa goshinsa yake kaiwa ƙasa. Sunan ma ya dace da aikin: Salah, ga shi kuwa da sujada kamar mai sallah. Da wuya ka ji an ce ya yi fariya.

Vinícius Júnior kuwa, ɗan ƙwallon Brazil, rawa yake takawa, har a Satumban 2022 aka yi ta caccakarsa a Sifaniya wai yana raina abokan hamayya, wasu magoya bayan Atlético Madrid suka bi shi da zagin wariyar launin fata. Ni sujadar ta fi kwanta mini, amma rawar ba laifi ba ce. Roger Milla, ɗan ƙwallon Kamaru, ya taka tasa a Gasar Cin Kofin Duniya ta 1990, duniya ta tafa masa.