Gwajin Big Y-700 na FamilyTreeDNA: abin da yake nuna wa mai neman asalinsa

Gwajin Big Y-700 na kamfanin FamilyTreeDNA da ke Houston a Amurka maza kaɗai ke iya yin sa, domin ƙwayar halittar Y da ɗa ke gada daga mahaifinsa yake bincika, bayan an goga auduga a cikin kunci an aika. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake bin reshen R-V88, wato wani reshe na zuriya ta ɓangaren uba da ake ganewa ta ƙwayar halittar Y, wanda ya yawaita tsakanin masu magana da dangin harsunan da ake kira Cadi, har da Hausawa, aka kuma same shi a tsoffin ƙasusuwa a Turai, lamarin da ke nuna tsohuwar ƙaura ta cikin Sahara zamanin da take da dausayi. Sai dai yana da tsada, kuma bai taɓo dangin uwa ko kaɗan ba.