Kwikwiyon da ke kirana da ƙararrawa

Assalamu alaikum Yaya, bayan gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina mutanen gida, yaya jikin Inna? Na ji saƙonka na murya, har da dariyar ƴan majalisarku ta Mokoyo a bayan maganar, masu cewa sanyin Turai ya taɓa mini kai tunda na ce kare ke kirana da ƙararrawa. To ka karanta musu wannan, don da hannuna na rataya ƙararrawar.

Ka san aikina a nan birnin Liyon na ƙasar Faransa kula da tsofaffi ne a gidajensu. Cikin waɗanda nake zuwa wa akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, yana zaune shi kaɗai a hawa na huɗu. Matarsa ta rasu, ƙafafunsa sun yi nauyi. Ƴarsa ta ce a samo masa kwikwiyo ya riƙa ɗebe masa kewa. Ni na ɗauka za a shiga kasuwa ne a zaɓo, ko a karɓo a hannun wani, yadda muke yi da ƴan farauta. Ashe tun 1 ga Janairun 2024 doka ta hana kantunan dabbobi sayar da kare da kyanwa, sai a wurin masu kiwonsu ko gidajen da ake tara waɗanda aka yasar. Kafin a ba ka sai ka sa hannu a takarda cewa ka san haƙƙin dabbar, ka jira kwana 7 ko za ka sake shawara. Ba a raba shi da uwarsa sai ya cika mako 8. Ana kuma cusa masa wata ƴar aba kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai lamba 15, wadda ke rubuce da sunan mai shi a rajistar ƙasa. Na tuna yaran gidanmu da ba a nema wa takardar haihuwa ba sai ranar da za a sa su lakwal, na ja bakina na yi shiru.

Rigimar ta fara ne tun daren farko. Karen Maradi bai san wata wahala ba a kan bayan gida: ga rairayi, ga gindin katanga, ga bola a bakin titi. Wannan kuwa ƙofa uku ke tsakaninsa da ƙasa, kowacce da makulli. Kwikwiyo mai wata uku ba ya riƙe fitsari fiye da awa uku zuwa huɗu, kuma da ya farka daga barci, ko ya ci abinci, ko ya gama tsalle-tsalle, shi ke nan ya matsu. Satin nan kullum da tsumma a hannuna. Na yi ta wanke wurin da ruwan Javel ina ganin na yi gwaninta, shi kuma yana komawa daidai nan ya sake tsugunawa.

Sai ƴar ta kira wata mata mai horar da karnuka. Sana'a ce sukutum, har da katinta da motarta. Yuro 50 take karɓa a awa, kusan jaka 33 ke nan na sefa, alhali mafi ƙarancin albashin wata a Nijar jaka 42 ne. Da ta zo, abin da ta fara karɓewa a hannuna shi ne kwalbar Javel. Ta ce warinsa ma yana jawo su, kuma hancin kare yana jin abin da namu ba ya ji; akwai wani ruwan wanki da ake sayarwa musamman, mai cinye warin fitsarin gaba ɗaya. Sannan ta ciro igiya mai ƴan ƙararrawa uku, ta ce in ɗaura a hannun ƙofa ta sauko daidai hancinsa.

Ga yadda aka yi. Ta riƙe guntun cuku a bayan ƙararrawar. Kwikwiyo ya miƙo hanci yana shinshina, ƙararrawa ta yi ƙara, nan take ta ce madalla da yarensu ta jefa masa cukun. Ba ta bari an yi ko ƙiftawar ido tsakanin ƙarar da ladan ba, ta ce in ka yi jinkiri bai san abin da ka biya shi a kai ba. Kwana biyu muna wannan, minti biyar-biyar. Daga nan aka daina ba shi komai a bakin ƙofa. Duk lokacin fita sai ya taɓa ƙararrawa sannan ƙofa ta buɗe, a sauka da shi da igiya a wuya zuwa gindin itace guda ɗaya, kullum shi, ya yi abin da ya kawo shi, a nan ne zai ga cukunsa. In ya yi ɓarna a ɗaki ba duka, ba tsawa, ba goga masa hanci a ciki. Ta ce wanda aka daka ba ya daina yi, ɓuya kawai yake koyo, ya koma bayan kujera. Ni da na tashi ina ganin ana jifan kare da hoge tun daga nesa, sai na ji abin wani iri, amma gani ya kori ji.

A cikin mako na uku ina wanke kwanoni na ji ƙil-ƙil. Na leƙo, ga shi zaune a bakin ƙofa yana kallona, wutsiya na share ƙasa. Babu wanda ya sa shi. Dattijon ya yi ta tafi kamar jikansa ne ya fara tafiya.

Murnar ba ta daɗe ba. Ɗan banzan ya gane cewa ƙararrawa ce ke buɗe ƙofa, ba ruwanta da fitsari. In ya ji tantabara a taga ya kaɗa, in zaman ɗaki ya ishe shi ya kaɗa. Wata rana na ƙirga sauka da hawa goma sha ɗaya, ga na'urar hawa benen ta lalace, gwiwoyina har rawa suke. Dattijon yana kan kujera yana dariya, ya ba ni labarin Pavlov, likitan nan na Rasha da ya ci kyautar Nobel a 1904, wanda ya saba wa karnuka da wani sauti har suna zubar da miyau in sun ji shi tun ba su ga abinci ba. Ya ce can mutum ke kaɗawa kare ya amsa, a gidansa kare ke kaɗawa mutum ya nemi takalmi. Maganin da matar ta ba mu shi ne, duk sanda ya kaɗa a fita da shi, kada a ƙi, amma gindin itacen nan kawai, minti biyar a tsaye. In bai yi komai ba a dawo ba cuku ba wasa. Yawo kuma lokacinsa daban, ba da ƙararrawa ake samunsa ba. Cikin kwana goma ya shiga taitayinsa.

Kantin da ake sayen kayan nan, Yaya, ya kai girman rumfuna ashirin na babbar kasuwa a haɗe, kuma ba abin mutum ko ɗaya a ciki. Abinci na kwikwiyo daban, na tsohon kare daban, na mai ƙiba daban. Akwai shimfiɗar fitsari kamar ƙunzugun jarirai, rigar ruwa, man goge haƙori. Ƙararrawar ma iri-iri ce, har da ta dannawa da ƙafa da mai batir. Tamu yuro 12 aka saye ta, kuma wallahi wadda maƙeranmu ke yi a ɗaura wa jar akuya ta fi ta amo da ƙarko. Da na duba da kyau, rabin kayan kantin ana sayensu ne don ba tsakar gida, ba yaran da za a aika, ba wanda ke wuni a gida. Ledar kwashe kashi kuwa dole ce a aljihu, don tarar barin shi a hanya yuro 135 ce, jaka 88 da rabi. Duk da haka kada ka zaci titunan tas suke, sau biyu ina takawa.

Na san tambayar da Malam zai yi, wato hukuncin taɓa kare a addini. Na karanta masa tun da daɗewa cewa a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ajiye shi an yarda ne don farauta ko gadi ko kiwo. Ni aiki ya haɗa ni da shi. Ina da kayan sallata daban a jaka, ba na barin ya lashe ni, kuma ba zan kwana ɗaki ɗaya da kare ba ko a ina nake. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ranar nan a lambun Tête d'Or na ga karen Azawak, irin namu dogo siriri na Buzaye, an sa masa rigar sanyi, mai shi yana ta alfahari. Na ce masa ƙasarmu ɗaya da karenka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne littafin allurarsa. Kowace rigakafi da kwanan wata da hatimin likitan dabbobi. A ƙasar nan aka fara yi wa mutum allurar haukan kare a 1885, wadda masanin kimiyya Louis Pasteur ya ƙirƙiro, kuma tun 2001 aka tabbatar cutar ta ƙare a dabbobinsu masu tafiya a ƙasa. A duniya kuwa har yanzu tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Ka tuna yaranmu nawa ke bin garake a bakin Gulbi ba takalmi. Don haka a kuɗin da zan aiko ƙarshen wata ka cire na karen garkarmu, ka kai shi ofishin ma'aikatan kiwo a yi masa allura. Ka kuma ja kunnen yara, in kare ya ciji wani ko ya yaƙushe shi a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka.

In akwai mai tahowa kafin sallah, ka sayo mini ƙararrawar akuya guda biyu, masu ƙaramin baki. Dattijon ya ce yana son ya ji amonta. A gaida Inna da kyau.