Akwatin kayan adon biskit a Damagaram: abin da ya yi da abin da bai yi ba

Masu tambayata a WhatsApp ko akwatin kayan adon biskit ɗin nan da ake ta talla ya ci kuɗinsa, amsata ita ce ya ci, amma ba duk abin da ke ciki ne zai yi muku amfani a Damagaram ba, kuma ba kowane wata ne na wannan aiki ba. Ni na saya a wurin wata baiwar Allah da ke saro kayan kicin daga Kano. Na daɗe ina yin cincin da dubulan da alkaki na biki da suna, hannuna ya san fulawa, zane a kan biskit ne dai sabo a gare ni.

Cikin akwatin akwai ƙarafunan yanka kwaɓi siffa daban-daban, da ledojin matsa kwaɓin sukari na zane, da bakunan ƙarfe masu lamba waɗanda ake sa wa ledar, da 'yan kwalaben kala, da tsinken roba na baje sukari. Bakunan ƙarfen nan su ne kuɗin. Lamba 2 da lamba 3, masu zagayayyen rami, su na fi ɗauka, layinsu yana fita sumul ba ya tsinkewa. Ledojin kuwa ba su da ƙwari ko kaɗan. Da kwaɓin sukarin ya ɗan yi tauri sai su fashe ta gefe, su ɓata hannu su ɓata riga. Leda mai kauri irin wadda masu lalle ke naɗewa ta fi su nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kwalaben kala. Babu rubutun abin da aka haɗa, babu ranar lalacewa, alhali abu ne da zai shiga cikin yara. Na ajiye su gefe, na sayi ja da shuɗi masu kauri, masu cikakken rubutu, a kanti. Sauran na haɗa da abin da ke gida. Ruwan zoɓo da aka dafa ya yi kauri yana ba da ruwan hoda mai kyau, kurkum a bakin cokali yana ba da rawaya (in ya yi yawa ɗanɗanonsa zai fito), garin cakulan kuma yana ba da ƙasa-ƙasa mai duhu.

Ƙarafunan yankan kusan rabinsu na Kirsimeti ne, bishiya da safa da mutumin ƙanƙara, domin a Turai da Amurka a watan Disamba iyalai suka fi taruwa su yi wannan ado. Zagaye da zuciya da tauraro da fure ne suka shiga aiki a wurina. Sai na zana tafin hannu da allo da ƙofar zaure a takarda, na kai wa wani mai aikin gwangwani a Kasuwar Dole. Ya lanƙwasa mini su da sabon fallen alminiyam, ya naɗe bakin sama don kada ya yanki yaro. Waɗannan ukun ne yara suka yi ta rububi a kai.

Takardar da ke cikin akwatin ta ba da awo, kuma awon daidai yake: fulawa giram 375, bota giram 225, sukari giram 200, ƙwai ɗaya, ɗan vanila da gishiri. A murza kwaɓin kaurinsa ya kai kamar milimita 6, a gasa a wuta digiri 180 minti 10 zuwa 12, a sauke tun gefen bai yi ja ba. Abin da wanda ya rubuta takardar bai lissafa ba shi ne zafin garinmu. Bota tana narkewa tun wajen digiri 32 zuwa 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi kan haura 40. A irin wannan lokaci kafin ki gama murzawa kwaɓi ya saki, ya manne da tebur, tauraron da kika yanka ya baje a cikin wuta ya koma dunƙule. Dole kwaɓin ya yi awa guda a firiji kafin murzawa, a sake mayar da shi bayan an yanka, ga shi kuma ɗaukewar wuta ta fi yawa a lokacin zafi. Hunturu ne lokacinsa, Disamba zuwa Janairu, da sassafe. Wadda ba ta da abin gashi na gas, tukunya da yashi ma tana yi, sai dai a rage gawayin ƙasa a ɗora garwashi a kan murfi, in ba haka ba gindin zai ƙone sama bai nuna ba.

Kwaɓin adon da takardar ta nuna na farin ƙwai ne: farin ƙwai ɗaya, garin sukari giram 200 zuwa 250, ɗigon lemon tsami. Shi ya fi ƙanƙarewa, ya fi riƙe siririn layi. Amma ɗanyen ƙwai ne ba a dafa shi, ni kuma ban yarda in ba ƙananan yaran mutane ba. Na yi marar ƙwai, garin sukari da lemon tsami da ɗan ruwa kawai. Layinsa yana ɗan buɗewa, amma in an yi shi da kauri yana tsayawa. Garin sukarin a sayi na kanti kuma a tankaɗe, domin wanda aka niƙa a gida yana barin tsaki da ke toshe bakin lamba 2. Kashi biyu ake yi, mai kauri na zagaye gefe, da mai ɗan ruwa na cike tsakiya. Busasshiyar iskar hunturu tana taimakawa, abin da takarda ta ce ya kwana yana bushewa cikin 'yan awoyi ya ƙafe. Ita ce kuma ke busar da bakin ƙarfe da saman kwano, don haka jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta ya zama kusa. Ƙura ma haka, a cikin ɗaki ake shanya, a rufe da murfin raga.

Taron na yi shi ranar wata Asabar cikin hutun makaranta na ƙarshen Disamba, 'ya'yana da na ƙanwata da na maƙwabta. Tun ana gobe na gasa biskit ɗin, na cike rabinsu da farin sukari suka bushe, saboda yaro ba ya iya jiran bushewa. Na shimfiɗa tabarma a falo na ɗora leda a kai, kowa da farantinsa da biskit huɗu. Ƙananan ban ba su leda ba, cokali da tsinke na ba su, da riɗi da dakakkiyar gyaɗa da gurzajjiyar kwakwa su barbaɗa.

Manyan 'yan matan ne suka ba ni mamaki. 'Yar maƙwabciyata da ke yi wa amare lalle ta ɗauki ledar, ta murɗe bayanta, ta gwada a bayan hannunta, ta ce, "Tanti, ai wannan riƙon lalle ne." Ta jawo biskit mai siffar tafin hannu ta fara daga wuyan hannun da kalar cakulan: ganye uku, sai siririn reshe ya hau tsakiya, sai ɗigo-ɗigo a jere har gindin yatsu, sannan ta cike kan kowane yatsa. Ba ta ɗora bakin ƙarfen a kan biskit ba, sama kaɗan take riƙe shi layin yana sauka da kansa, abin da ni sai da na karanta kafin na gane. Nan take sauran suka kewaye ta. Ɗan ƙanwata kuma ya ɗauki ƙofar zaure ya yi ta fama da dagi irin na bangon gidajen Birni da Zango, shuɗi da rawaya, harshe a waje, har ya haɗa shi. Hotunan cikin takardar babu wanda ya waiwaye su.

Gwaggo da ta leƙo ta ce, "Ke, kada dai ku mai da abinci abin wasa." Maganarta gaskiya ce, don haka na kafa doka: abin da yaro ya ƙawata shi zai ci ko ya kai gida, ba a zubarwa. A kan allo kuma zane kawai, ba a rubuta aya ko sunan Allah. Awa biyu ta ishi taron, bayan haka ƙananan sun gaji sun koma lasar cokali. Kala uku sun isa, kuma a samu wata babba ta taya, mutum ɗaya ba ya iya cika leda yana goge hannuwa a lokaci guda. Kiyashi ba ya ɓata lokaci, tiren shanya a ɗora shi a kan kwanon da aka kifa cikin ruwa.

Wadda za ta saya, ta nemi ƙaramin akwati, ta ce a nuna mata siffofin yankan da jikin kwalaben kala kafin ta biya, ta tabbatar akwai lamba 2 da 3. Bakunan a jiƙa su da ruwan ɗumi da an gama, a zura tsinke a ramin. Ƙarafunan yankan da suka zo da akwatin suna saurin tsatsa a wurin haɗi, saboda haka bayan wanki ina sa su a cikin abin gashi yana hucewa su bushe sarai, in shafa musu ɗan man gyaɗa sannan in ajiye.